Wutar Da Na Jawo Daga Bisa

Zuwa ga Mai Girma Manjo,
Shugaban Kwamitin Wucin Gadi na Hana Satar Wutar Lantarki,
Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk masu aiki a ƙarƙashinka. Allah ya taya ka riƙon wannan aiki da aka ɗora maka, ya sa ka gama da shi lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Boyi Altine. An haife ni a Ƙofar Dundaye, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare, ina kuma zaune a sabuwar unguwar da ta tsiro bayan Runjin Sambo, daidai inda gidaje suka ƙare gonakin gero suka fara. Ba ka san ni ba, amma akwai kayana a hannunka. Faranti ne mai mayar da hasken rana wutar lantarki. Yaranka sun sauke shi daga rufin ɗakina, yanzu yana kife a harabar ofishinka cikin tarin wayoyi da ƙugiyoyin da aka ƙwace daga hannun ɓarayin wuta. An sanar a rediyo cewa ranar Asabar ɗin ƙarshen watan nan za a bi ta kan tarin duka da motar daɓe titi, a gaban jama'a da masu ɗaukar hoton talabijin. Idan motar ta bi ta kan farantin nan, ba ni da hanyar samun wani, kuma numfashin mai ɗakina yana rataye da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Na yi ta zuwa ofishinka har bencin bakin ƙofa ya saba da ni. Kullum ko kana taro, ko ka fita rangadi. Sai na lura jarida ce kaɗai take shiga wurinka kowace safiya ba a ce ta jira ba, shi ya sa na biyo ta cikinta. Ka yi mini afuwa.

Na ɗaya, yadda muka zauna babu wuta.

Lokacin da kuɗin mai suka cika ƙasar nan, har ƙaramin ma'aikaci irina ya fara tunanin barin gidan gado ya gina nasa, an yanka mana filaye a wannan wuri, aka ce wuta da ruwa suna tafe. Ba za a ce an yi mana ƙarya gaba ɗaya ba. An kawo turakun wuta an jibge a bakin hanya, suna nan har yau. Awakin unguwa na hawa kansu su sha hantsi, dattawa na zama kansu su jira sallah. Sannan aka kafa manyan hasumiyoyin ƙarfe, aka ja babbar waya ta ratsa ta kudu da gidajenmu ta nufi cikin gari. Wutar tana wucewa ta kanmu kullum, muna jin ƙuginta idan iska ta kwanta, amma ba ta taɓa saukowa ta gaishe mu ba. Mutanen unguwa suna kiranta wayar bisa. Ina roƙon ka riƙe wannan suna, don a kansa maganata duka take tsaye.

Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na kaki, kowace ta ce tana sane da mu. Mun gode da sanin. Da fitilar ƙwai da aci-balbal muka ci gaba da zama.

Na biyu, abin da ya kai ni ga farantin.

Mai ɗakina, wadda ba zan sa sunanta a jarida ba, tana fama da ciwon fuka tun tana budurwa. Abu biyu ke tayar mata da shi: hayaƙin kananzir, da zafin ɗaki idan iska ta tsaya. Kai da kake zaune a garin nan ba sai an ba ka labarin bazarar Sakkwato ba, ko da yake ina jin ofishinka yana da na'urar sanyi. Wanda ya taɓa zama kusa da mai fuka lokacin da ta tashi ya san abin da nake nufi. Mutum na zaune ya dafa gwiwa, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka, ƙirjinsa na fito, kai kuwa ba ka da abin yi sai fifita da salati. Likitan da ke duba ta ya ce a raba ta da hayaƙin fitila, a kuma samar mata iska a ɗaki. Ya faɗi haka kamar mai cewa a sayo gishiri a kan hanya.

Na duba hanyoyin da ake da su. Janareta na alhazai ne. Ko kyauta aka ba ni ba zan iya ciyar da shi ba, ga layin gidan mai, ga shi hayaƙinsa ya ninka na fitilar da muke gudu. Fitila mai famfo tana da haske, amma ita ma kananzir take ci, kuma tana ƙara wa ɗaki zafi. Batiran tocila kuwa na gwada, na ga albashina na narkewa cikin kwandon shara.

A ɗakin karatu na makarantarmu na daɗe ina karanta labarin waɗannan faranta a mujallu, yadda ake sa su a kan famfunan ruwa da ƙananan asibitocin ƙauye inda waya ba ta kai ba. Ban taɓa zaton ɗaya zai hau rufina ba. Sai Allah ya haɗa ni da wani ɗan kwangila da ya kawo irinsu don famfunan ƙauye. Ɗaya ya lotse a gefe cikin mota, masu karɓa suka ƙi shi, ya yarda ya sayar mini. Na sayar da babur ɗina na saya, na koma kan keken da na jingine tun ina saurayi. Ɗalibaina sun sami abin dariya. Gwiwoyina ba su ga abin dariyar ba.

Bari in bayyana maka abin da yaranka suka kira na'ura, don kada ka ɗauka wani babban makami ne. Girmansa bai wuce ƙyauren taga ba. Wani mai gyaran lantarkin mota ya taya ni haɗawa. Waya ta sauko daga farantin zuwa tsohon batirin babbar mota da ke ƙarƙashin tebur. Daga batirin ta tafi ga doguwar fitila ƙarama guda, da fanka irin wadda direbobin bas ke maƙalawa gabansu, da rediyona. Shi ke nan. Ba ya ɗaukar firiji, ba ya ɗaukar dutsen guga. Da rana ya tara, da magariba ya bayar. Ba ya cin mai, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Hidimarsa duka ita ce a goge masa fuska da tsumma mai laima, a riƙa duba ruwan batir, kada kuma a tsotse batirin har ƙarshe. Na taɓa kiwon tinkiya, ta fi shi wahala.

Bazarar bara ita ce ta farko tun aurenmu da ba mu shimfiɗa tabarma a barandar asibiti ba. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja cewa babur ɗin bai tafi a banza ba.

Na uku, kalmar da ta jawo mini wannan.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a kan turakun nan da na ambata, wani dattijo ya ce mini, "Malam Boyi, wai ina kaka jan wutag ga? Mu dai ba mu ga an kahwa turke ƙohwag gidanka ba." Ni kuwa Allah ya jarrabe ni da son ba'a. Na ɗaga yatsa na ce, "Daga bisa nika jan ta, kuma ba ni biyan ko anini." Aka yi dariya, aka kira magariba, aka watse.

Ranka ya daɗe, ban san daga wane yanki ka fito ba, don haka ka bar ni in yi ɗan aikin malanta. A bakin Basakkwace, bisa ita ce abin da Bakano ke kira sama. Rana tana bisa. Wata yana bisa. Hadari daga bisa yake zubowa. Rana nake nufi da yatsana. Abin da ban lura da shi ba shi ne, tsakanin yatsan nawa da rana akwai wayar gwamnati, wadda ita ma sunanta wayar bisa.

Ban san wanda ya ɗauki maganar ya kawo muku ba, ba na kuma son in sani, don zan ci gaba da tsayawa sahu ɗaya da shi a masallaci. Abin da na sani shi ne, kafin ta iso teburinka ta girma a hanya. Ta zama cewa wani malamin makaranta ya tsaya a bainar jama'a ya yi iƙirarin yana jan wuta daga wayar bisa, kuma ba ya biya. Kowace kalma a ciki tawa ce, ban da waya. To a kan wayar nan aka kama ni.

Na huɗu, ranar da aka zo.

Da hantsi ne, ranar da babu makaranta. Motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidana, Saje guda ya sauko da yaransa ɗauke da bindigogi, tare da wani ma'aikacin lantarki mai filaya a aljihu. Zan faɗi gaskiyarsu: sun yi sallama, sun kuma tsaya a zaure har iyalina ta kimtsa. Na yaba da wannan.

Saje ya shiga ɗaki ya kama waya daga fitila, ya bi ta har batir. Daga batir ya bi ta jikin bango, ya sa aka kawo tsani, ya hau rufi, ya bi ta har farantin. Nan waya ta ƙare. Ya leƙa ƙarƙashi, ya zagaya, ya ɗaga gefen kwano, ya aika yaransa suka tona gindin katanga. Daga nan ya leƙo ya ce, "Malam, ina sauran wayar?" Na ce babu saura, iyakarta ke nan. Ya tsaya a kan rufin yana duban farantin, sannan ya bi inda fuskarsa take kallo. Farantin a karkace yake wajen kudu. Wayar bisa kuma ta kudu ta ratsa. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "To ga shi ma yana kallon ta!" Ya bayyana wa yaransa cewa rediyo na kama magana babu waya, wannan kuma na kama wuta babu waya, sabon salon sata ne irin na 'yan boko.

Na yi ƙoƙarin bayani daga ƙasa, ina ɗaga murya. Na ce garinmu yana arewa da tsakiyar duniya, rana kan ɗan kwanta wajen kudu a mafi yawan shekara, shi ya sa ake karkata farantin can, kuma karkatar tana sa ruwan sama ya wanke shi. Ya ce, "Malam, ba aji muke ba." Ma'aikacin lantarkin ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi bindigar da ke kusa da shi, ya mayar da bakin ya rufe. Ban ga laifinsa ba, shi ma yana da iyali.

Ba na raina Saje. Da ɗalibina ne, da na ba shi maki a kan tsarin tunani, don ya bi hujja daki-daki, ya kuma kawo misali. A amsar ce kawai ya faɗi. Sai dai ɗalibi idan ya faɗi amsa, takardarsa kaɗai ke shan jan biro. Saje da ya faɗi, rufina aka kwance. Suka cire farantin suka jefa bayan mota. Batirin suka bar shi don ya yi nauyi. Mai ɗakina tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon farantin har motar ta ɓace da shi.

Na biyar, abin da na tarar a ofishinka.

Zuwana na farko na hango farantin a kife, gilashinsa a kan tsakuwa. Na roƙi Kofur mai gadi ya bari in juya shi, don kada tsakuwa ta fasa shi. Ya ce ba zai yiwu ba, umarni ne. Saje ya ce a kifa shi saboda akwai waya a saman harabar, kada ya ci gaba da sata a cikin gidan hukuma. Zuwana na gaba na tarar bayansa ya zama teburin shayi, da buta da kofuna a kai. Na yi murna da aƙalla wani yana amfana da shi.

A ƙarshe magatakardan kwamitinka, mutum mai fara'a da ladabi, ɗan garin nan, ya ja ni gefe ya yi mini magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Malam, kai ka san dokag ga ta taɓa waya ba wasa ta ba. An tausaya maka, ba a kai sunanka kotun soja ba. Tahi gida ka yi kurum. A murƙushe abin, magana ta mutu. In ka tada ta, sai a buɗe ta, kuma in anka buɗe ta ba ni da ikon ruhewa." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Na kuma san abin da dokar soja ta tanadar wa wanda aka samu da taɓa wayar wuta. Ina sauraren rediyo kamar kowa, na ji irin hukuncin da ake yankewa, kuma ban ji ana ɗaukaka ƙara ba.

Wato abu biyu aka ajiye gabana. Ko in yi shiru in amsa sunan ɓarawo a asirce, a niƙe farantin, in zauna gida lafiya. Ko in yi magana, a buɗe fayil. Ranka ya daɗe, ba ni da jarunta. Mutum ne ni da ke sauka daga keke idan ya hango shingen soja tun daga nesa.

Na shida, halin da gidana ke ciki.

Batirin da aka bar mini ya yi 'yan kwanaki ya ƙare. Yanzu ɗaure shi nake yi a bayan keke in kai wa mai cajin batir a cikin gari, shi kuma ya jira a kawo wuta. Ka ga ke nan sai bayan da kwamitinka ya kama ni da laifin shan wutar hukuma na fara shan ta. Idan an daɗe ba a kawo ba, kamar yadda aka saba, mu koma ga fitilar ƙwai. Ga bazara ta kawo kai. Ganyen dogon yaron ƙofar gidana kan wuni bai motsa ba.

Makon jiya da magariba ciwon mai ɗakina ya tashi irin tashin da na manta da shi. Maganin shaƙa bai yi ba. Sai a babur ɗin maƙwabci aka kai ta asibiti, ina binsu a keke, don nawa babur ɗin yana kife a harabarka an ɗora masa butar shayi. An sallame ta, alhamdu lillahi. Likita ya sake maimaita mini maganar hayaƙi da iska, yana dubana kamar mutumin da ba ya jin magana. Ta ina zan fara yi masa bayani?

Da na gaya mata zan rubuta wannan takarda, ta hana ni. Ta ce bakina ne ya jawo mana, ga shi kuma zan ƙara da alƙalami. Ta ce, "Malam, bam musu abinsu. Gwamma in yi tari kana gida da in sha iska kana gidan kaso." Tana da gaskiya, kamar kullum. Amma wannan 'yar magana da na rubuta a layi ɗaya, sai da ta tsaya a tsakiyarta ta nemi numfashi kafin ta ƙarasa. Tsayawar nan ce ta sa na saɓa mata. Bazara ba ta ko kai tsakiya ba.

Akwai kuma abin da ya wuce gidana, zan faɗe shi a taƙaice. Kafin zuwan yaranka, wasu maƙwabtana sun fara adashi don su sayi faranti ɗaya na tarayya. Shirinsu shi ne a kafa shi a rufin mutum guda, kowane gida ya nemi tsohon batirin mota, a riƙa caji bi da bi. Fitila ɗaya a kowane gida, yara su yi karatu, tela ya ƙarasa ɗinkinsa, mai jego ta ga abin da take yi. Wannan ita ce hanyar da talaka zai iya, don abin da ya fi ƙarfin aljihu ɗaya ba ya fin ƙarfin unguwa. Ranar da aka ga bindigogi a kan rufina, adashin ya watse, kowa ya karɓi zubinsa. Yanzu idan na nufo majalisa sai a canja hira.

Ina ganin kwamitinka ya kama abokin aikinsa ne bai sani ba. Mutumin da ke da faranti a rufinsa ba zai je ya jefa ƙugiya a kan wayar hukuma ba. Duk gidan da ya kafa ɗaya, an rage maka ɓarawo guda, an rage wa layin kananzir mutum guda. Gwamnatin nan da kanta muna jin ta a rediyo tana cewa a daina dogaro da na waje, a koma ga abin da Allah ya ba mu a gida. Ban san abin da Allah ya ba Sakkwato da yawa kamar rana ba. Shekara da shekaru muna kuka da ita, tana ƙona mana ƙeya, tana busar mana da rijiyoyi. Karo ɗaya da wani ya ce bari ya sa ta aiki, sai aka zo da mota.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ina roƙon a fitar da farantin daga cikin tarin nan kafin ranar Asabar. Motar daɓe titi ba ta san bambancin ƙugiya da gilashi ba, kuma abin da ta bi ta kansa ba ya zuwa shaida.

Ina roƙon a gwada shi, kada a ɗauki maganata. A sa shi a motar da ta ɗauko shi, a fita da shi can gonakin bayan Kwalkwalawa, inda babu turke babu waya iyakar ganin ido. Saje da kansa ya zaɓi wurin, don kada a ce na shirya wani abu. A je da rana tsaka. Zan zo da ƙwan fitilar mota guda a aljihuna. A shimfiɗa farantin a kan kunya, fuskarsa sama, a haɗa ƙwan. Sannan in tuɓe rigata in lulluɓe shi, a ga abin da zai faru, in yaye, a sake gani. Aikin ba zai kai tsawon shan shayi ba.

Idan ƙwan bai kama ba, to Saje ya yi gaskiya, ni ɓarawo ne, kuma maƙaryaci a jarida. Kada a wahalar da kowa da zuwa nemana. Zan zo da tabarmata da butata, in shiga bayan motar daga nan gonar, a wuce da ni kotun soja. Na rubuta wannan da hankalina, na kuma sa hannu a ƙasa.

Idan kuwa ya kama, a mayar mini da kayana. Ba na neman a ba ni haƙuri, ba na neman a hukunta kowa, ba na neman kuɗin kwanon da aka lanƙwasa. Ni zan hau in ɗaura abina. Abin da kawai zan ƙara roƙo shi ne, a faɗa a rediyon da aka yi shelar murƙushewa cewa kafa farantin rana ba satar wuta ba ce, don maƙwabtana su koma ga adashinsu, ni ma a koma amsa mini sallama da murya sosai. Turakun bakin hanya kuwa ban roƙi a kafa su ba. Dattawanmu sun saba da su, ba na son in raba su da wurin zama.

Kafin duk wannan, akwai ƙaramin abu guda da ba ya bukatar taro ko sa hannu. Gobe idan ka sauko daga mota, ka dubi hagunka, kusa da ɗakin masu gadi. Ka ce wa Kofur ya ɗauke butar shayinsa, ya juyo da farantin fuskarsa ta kalli bisa, don tsakuwa tana cin gilashin. Kada ka ji tsoron zai yi sata a harabarka. Abin da zai ɗauka daga can ba na gwamnati ba ne, kuma Mai shi bai taɓa aiko wa kowa da takardar biya ba.

Allah ya haskaka maka gaskiya ya ba ka ikon bin ta. Allah ya kare ka daga hukunta wanda bai yi laifi ba, ya tsare iyalinka daga ciwon da ke hana numfashi, ya sanyaya maka wannan bazara kai da su. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya ga doka,
Malam Boyi Altine,
Bayan Runjin Sambo, Sakkwato.